Babi na Shida: Masu Bin Bashi

Idan mutum ya bar Daura ya yi arewa, ya wuce shingen kwastan na Kwangwalam ya kama hanyar Matamaye, babu abin da zai gaya masa ya shiga wata ƙasa in ban da kakin jami'ai da lambar motoci. Hausar ita ce, geron shi ne, rairayin ma shi ne. Auratayya ta haɗa mutanen tun kafin Turawa su zo da taswirarsu, kuma hadarin da ya taso daga gabas ba ya tsayawa a duba masa takarda. Sai ya nitsa cikin ƙasar yana kallon gonaki sannan zai lura da abu ɗaya: gawo ya yi yawa. Ga manya, ga matasa, ga 'yan ƙanana da aka sassaƙe musu rassa aka bar musu kai ɗaya, a warwatse cikin gona ba tare da layi ba, alamar ba dasa su aka yi ba.

A cikin shekarun 2000 wasu masu bincike, cikinsu har da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, suka ɗauko tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga sama a shekarun 1970 suka gwama su da sababbi. Abin da suka gani ya ba su mamaki. Manoman jihohin Maraɗi da Damagaram sun mayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan fili mai faɗin hekta miliyan 5, kuma inda abin ya fi kauri shi ne ƙasar Magarya da Matamaye da Mirriya, wato daidai bayan katangar masarautar Daura. A wasu hotunan har ana iya gane inda iyakar ƙasashen biyu ta bi, saboda ɓangare ɗaya ya fi ɗaya duhun itace.

Ba ruwan sama ne ya bambanta su ba, don mu nan kudu mun ma fi su samu. Tun zamanin mulkin Faransa doka a Nijar ta ce itace na gwamnati ne, ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro. Ka sare reshe, malamin daji ya ci tararka. To wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai manomi ya riƙa kashe toho tun yana ƙarami lokacin sassabe, ya ƙone, gona ta zama fayau. Bayan farin 1984, da baitulmali ya bushe, malaman daji suka rage zirga-zirga a ƙauyuka, manoma suka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu. A daidai lokacin ne wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda dashen da yake yi a Maraɗi ya yi ta mutuwa, ya gane a 1983 cewa kututturen da ke ƙarƙashin ƙasa suna da rai, abin da suke so kawai a zaɓi toho mai ƙarfi a bar shi ya tashi. Mutanen can suka kira shi sassabin zamani. Gawo kuwa kowane manomi ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ƙasar gindinsa ta fi ko'ina albarka, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Daga baya doka ta biyo sawun manoma, da dokar karkara ta 1993, da ta gandun daji ta 2004, har zuwa 2020 da gwamnati ta fitar da ƙa'ida ta musamman mai tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya rena.

Na tsaya a kan wannan ne don mutane da yawa, in an ce matasa su koyi shiga harkar tsara manufofin gwamnati a kan sauyin yanayi, gani suke yi zancen 'yan boko ne da ba ya taɓa tukunyar kowa. Ga shi kuwa layi ɗaya a cikin littafin doka ya hana itace tsayawa shekara da shekaru, sassauta shi kuma ya cika gonaki.

Mutanen Nijar sun san ɗaya fuskar wannan magana. A watan Afrilun 1984, ana tsakiyar fari, gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Hatsin da ke haurawa arewa ya yanke, kasuwar dabbobi ta mutu, har a wasu yankunan aka raɗa wa yunwar shekarar sunan shugaban da ya rufe iyakar, Janar Muhammadu Buhari. Fari daga Allah ne. Yadda fari ke zama yunwa kuwa, sau da yawa akwai sa hannun wani a ciki.

Wannan Buharin dai, ɗan Daura, Allah ya jiƙansa, shi ne bayan shekara talatin da wani abu ya sa hannu a kan kusan duk takardun da matashi mai fafutukar yanayi zai dogara da su a yau. A Satumban 2016 ya sa hannu a yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi. A Mayun 2018 ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya rage shekarun tsayawa takara. A Satumban 2019, a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yi alkawarin tattaro matasan Najeriya su dasa itace miliyan 25. A Nuwamban 2021, a taron COP26 na Glasgow, ya ce zuwa 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa, kuma bai cika wata da dawowa ba ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, wadda ɗan majalisa Sam Onuigbo na jihar Abiya ya daɗe yana jan ta. Dokar ta kafa majalisar ƙasa kan sauyin yanayi wadda shugaban ƙasa da kansa ke jagoranta, ta ware kujera ga matasa, da ta mata, da ta masu buƙata ta musamman. Ta tanadi asusu, ta ce kowace ma'aikata ta buɗe sashen kula da lamarin, ta ce a shigar da shi cikin manhajar makarantu.

Kenan ba rashin doka ke damun mu ba, ba kuma rashin alkawari ba. An ci bashi ne, an rubuta, an sa hannu. Abin da babu shi ne mai bi. Kowa kuwa ya san mai bin bashi nagari: yana riƙe da takarda, ya san adadin har da kwabbai, ya san gidan, ya san lokacin da maigidan ke fitowa, ba ya fara da zagi, ba ya kuma gajiya da dawowa. A ganina, horar da matashi a wannan fanni bai wuce a mayar da shi irin wannan mutum ba.

Bashin kashi biyu ne. Na farko a wuyan manyan ƙasashe yake, shi ne ake nufi in an ce adalci a harkar yanayi. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Manomin Baure da bai taɓa mallakar ko babur ba shi ne zai yi shuka sau biyu sau uku saboda ruwa ya sauka ya ɗauke, shi ne kuma katangarsa za ta faɗi a watan Agusta in ruwan mako biyu ya zuba a dare ɗaya, kamar yadda ambaliyar Yulin 2018 ta ci fiye da mutum 40 a Jibiya. A 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara daga 2020. Ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa rance ne. A 2022, a Sharm el-Sheikh, aka amince da kafa asusun biyan asara da ɓarna. Da aka zo zuba kuɗi a Dubai a 2023, abin da aka yi alkawari bai wuce dala miliyan 700 da 'yan kai ba. A riƙe wannan adadi, don kusan daidai yake da abin da Najeriya ita kaɗai ta ranta daga Bankin Duniya a ƙarshen 2021 don shirin ACReSAL na gyaran ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja. Wanda aka yi wa ɓarna shi ke cin bashi ya gyara. A Baku a 2024 ƙasashe masu tasowa sun nemi dala tiriliyan 1.3, aka tsaya a biliyan 300 zuwa 2035.

Wannan ɓangare yana da daɗin faɗa, don mai laifin yana nesa. Na biyun ne mai wuya. Tun 1981 Najeriya ke da asusun kula da muhalli da ake cirewa daga asusun tarayya, kowane mataki na gwamnati na da kasonsa, har ƙaramar hukuma. A 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, bisa karkatar da fiye da naira biliyan ɗaya na wannan asusu, a 2022 kuma aka yi masa afuwa. A Nuwamban 2014 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 don sayen murhu 750,000 masu rage cin itace a raba wa matan karkara. Kaɗan aka kawo, aikin ya ƙare a rigima da ɗan kwangila. A taron Dubai kuwa sunan mutum 1,411 ya fito a tawagar Najeriya, gwamnati ta ce 422 ne kawai ta ɗauki nauyinsu, kamar dai 422 ɗin ƙaramin abu ne. Matashin da ya iya zazzaga wa Amurka da Turai magana amma bai taɓa tambayar ina kason ƙaramar hukumarsa na asusun muhalli ya shiga ba, rabin karatu aka ba shi.

Yanzu mu duba yadda aka saba ba da horon. Ana tara matasa a wani otal a Katsina ko Kano ko Abuja, kwana biyu ko uku. Ana haska rubutu a bango da Turanci, a nuna narkewar ƙanƙara da hoton farar dabbar nan da ke tsaye a kan guntun ƙanƙara a tsakiyar teku. A raba riga da hula, a ba da takardar shaida da kuɗin mota, a ɗauki hoto a ɗora a Facebook. In an yi ƙoƙari, a fita a dasa darbejiya ɗari a harabar wata makaranta cikin damina, ba shinge, ba wanda aka ɗora wa ban ruwa, awaki su gama da su kafin kaka. Ba raina shi nake yi ba gaba ɗaya. Yara da yawa a irin waɗannan tarurruka suka fara jin cewa zafin Afrilu da rikicewar damina suna da dalili na kimiyya, a nan kuma suka san juna. Matsalar ita ce ana sallamar su da harshen da babu mai jin sa a gida. Yaro ya dawo Zango yana maganar ma'aunin ɗumama na digiri ɗaya da rabi, mahaifinsa na maganar kuɗin taki, hakimi na maganar rikicin burtali, ɗan majalisa na maganar zaɓe. Kowa ya yi gaskiya, ba wanda ya ji wani.

Waɗanda suka taɓa motsa gwamnati ba haka suka bi ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Zamfara masu haƙar zinare, yara fiye da 400 suka mutu. Aka share wasu ƙauyuka, Bagega ta rage saboda kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari bai fito ba, likitocin agaji kuma ba za su iya fara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasa. A 2012 Hamzat Lawal, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da abokan aikinsa suka fara shirin da suka kira Follow The Money, wato bin sawun kuɗi. Buƙatarsu ɗaya ce: a saki kuɗin Bagega. Suka je ƙauyen, suka ɗauko hotuna da muryoyin iyaye, suka bi 'yan majalisa da 'yan jarida, suka cika intanet da sunan garin. A farkon 2013 aka saki kuɗin. Gubar dalma ba sauyin yanayi ba ce, amma dabarar ita ce, kuma su ɗin ne daga baya suka bi sawun kuɗin murhun nan da ayyukan Babbar Ganuwar Itatuwa ta tare hamada. Haka Samson Itodo da 'yan uwansa suka yi shekara biyu suna bin majalisar tarayya da majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya kafin a rage shekarun takara.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na ɗaliban tsibiran Fasifik. A 2019 ɗaliban shari'a 27 a Jami'ar Kudancin Fasifik da ke Vanuwatu suka fito da wata shawara daga cikin aji: a tambayi Kotun Duniya mene ne haƙƙin da ke kan ƙasashe game da sauyin yanayi. Ba su da ikon shigar da ƙara, sai suka shawo kan gwamnatin Vanuwatu, ƙasar da mutanenta ba su kai na masarautar Daura yawa ba. Ita kuma ta shawo kan sauran ƙasashe, a Maris 2023 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya miƙa tambayar. Ranar 23 ga Yulin 2025 kotun ta ce kare yanayi wajibi ne a shari'ance, kuma ƙasar da ta saɓa za a iya neman ta da diyya. Fatawa ce, ba hukuncin da za a tura ɗan sanda ya zartar ba, amma yanzu duk lauyan da zai shiga kotu kan wannan magana yana da abin riƙewa. Shekara shida, tambaya ɗaya.

To a Daura fa? Kayan aikin suna nan. Garin na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri, da kwalejin da ke ɗauke da sunan Dokta Yusufu Bala Usman, mutumin da in zai ƙalubalanci gwamnati sai ya zo da takardu da alƙaluma a hannu. Katsina na cikin jihohi 11 da Babbar Ganuwar Itatuwa ta ratsa, aikin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015. Tun 1987 Tarayyar Turai, da sunanta na wancan lokaci, ta fara zuba kuɗi a dashen itatuwa a jihar. A cikin shekarun 2010 kuma ta ɗauki nauyin wani shiri da Oxfam da cibiyar ICEED suka gudanar a ƙananan hukumomi bakwai, biyar na masarautar, wato Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, sai Dutsi da Mashi, inda aka koya wa manoma renon toho irin na makwabta, aka koya wa mata da magina murhu mai rage cin itace. Duk wanda ke son sanin abin da ke aiki a wannan ƙasa yana da shekara kusan arba'in na gwaji a gabansa. Aikin farko da ya kamata a ba ɗalibi shi ne ya ɗauki littafi da biro ya je ya ƙirga. Layin itatuwan da aka dasa a wuri kaza, nawa suka rayu? Rijiyar burtsatsen da aka haƙa wa gandun renon dashe tana ba da ruwa? Murhun yana ɗaki ana girki da shi, ko ya zama mazaunin kaji? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 gas da kananzir suka fi ƙarfin gidaje da yawa, buhun gawayi nawa ke shiga kasuwar gari a mako, daga wane daji?

Wannan ƙirge shi ne jarin matashi. Kwamishina zai iya kawar da kai daga mai ihu, amma da wuya ya kawar da kai daga wanda ya ce masa, ranka ya daɗe, a cikin dashe kaza da aka rubuta an yi a gunduma kaza, ga adadin da muka tarar, ga hotuna, ga ranar da muka je. A haɗa da abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Dattijon da ya ga farin 1973 da na 1984 ya san tafkin da ya ƙafe, da inda burtali ya bi kafin a nome shi, da irin geron da aka daina shukawa don damina ta gajarce. Ba a rubuta wannan ko'ina ba, kuma masu shi suna tafiya.

Bayan ƙirge sai karatun kasafin kuɗi. Yana da gundura, na sani, shi ya sa ba a cika sa shi cikin taron bita ba. Amma a nan ake gane bambancin abin da aka faɗa a jawabi, da abin da aka ware, da abin da aka saki, abubuwa uku da ba su cika haɗuwa ba. A nan kuma ake koyon lokaci: ƙorafin da aka kai bayan majalisa ta amince da kasafi ya makara da shekara guda. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardun aiki, ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Sau da yawa ba za a amsa ba. To a ajiye kwafin wasiƙar mai ɗauke da hatimin karɓa, shirun ma hujja ce. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko da aiwatar da shi ya zama jan aiki, ya rage wa shugaban ƙaramar hukuma wurin ɓuya.

Sai dai a ƙasar sarauta irin Daura, takarda kaɗai ba ta buɗe ƙofa. Tsarin mulki bai ba sarki ikon kasafi ba, amma maganar gona da daji da burtali da mashaya har gobe ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi take bi. Dokar hana sare ɗanyen itace da aka buga a Katsina ba za ta kai ƙarfin kalma ɗaya da ta fito daga fadar Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar ta sauko ta bakin hakimai ba. Matashin da ya koyi salon matashiyar nan mai fafutukar yanayi, Greta Thunberg, na tsare manya da ido a gaya musu sun gaza, in ya gwada shi a zauren hakimi, maganarsa ta mutu tun kafin ya gama, a koma zancen ɗan wane ne. Nan sai ka cire takalmi, ka durƙusa, ka yi gaisuwa, ka nemi dattijon da zai shigar da kai. Wasu na ganin wannan rauni ne. Ni ban ga haka ba, matuƙar abin da za ka faɗa bayan gaisuwar bai canja ba. Ladabi ya shafi yadda ake faɗa, bai kamata ya rage adadin da ke cikin littafin ba. Haka limamai: huɗuba ɗaya a kan amanar dukiyar jama'a da ladan dasa itace tana isa inda takardar manema labarai ba za ta taɓa zuwa ba, kuma malaman sun fi mai horarwa sanin hujjojin.

Akwai mutum biyu da ake yawan mantawa in ana rubuta sunayen mahalarta. Ɗaya ita ce yarinya. Ita da mahaifiyarta ke shaƙar hayaƙin murhu, su suka san farashin ƙullin itace jiya da yau, kuma ita kaɗai ke iya shiga cikin gida ta yi hira da matan da namiji ba zai gani ba. In ana so ta zo, sai a kawo horon kusa, a yi shi da rana, a nemi yardar iyaye ko miji. Ɗayan shi ne ɗan makiyayi. Duk fegin da aka killace don dashe, wata hanya ce ko wani wurin kiwo aka taɓa. In ba a zauna da shi ba tun farko, za a gamu da shi daga baya a gaban alƙali, ko a wurin da ya fi nan muni. Ƙasar Daura ta samu sauƙin ta'asar 'yan bindiga da ta addabi kudanci da yammacin jihar, bai kamata aikin gyaran muhalli ya zama shi zai haddasa husuma ba.

Haɗarin da ya fi kusa ba kamu ba ne, saye ne. Matashin da ya iya magana, ya iya rubutu a waya, yana da mabiya, kuma ba shi da aikin yi, kaya ne mai daraja a kasuwar siyasa. Yau yana tambayar kuɗin asusun muhalli, gobe an naɗa shi mataimaki na musamman kan kafafen sada zumunta, jibi shi ke kare abin da ya soka. Ban cika ganin laifinsa ba, ciki ba ya jiran 2060. Masu ba da horo ne ya kamata su yi tunanin wannan. Ƙungiyar da ke rayuwa da kuɗin zama tana mutuwa ranar da mai ba da tallafi ya naɗe tabarmarsa. Wadda 'ya'yanta ke da gandun renon dashe suna sayarwa, ko suna gina murhu, ko suna gyaran fanfo mai aiki da hasken rana a fadamun noman rani, tana iya cewa a'a. Kuma aikin a riƙa yin sa a ƙungiyance, littafin ƙirge ya zama na kowa, don in an saye mutum ɗaya kada a saye hujjar tare da shi.

Daga ƙarshe wasunsu za su ce sun gaji da tsayuwa a bakin ƙofa, ciki suke so su shiga. Gyaran 2018 ya sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Masarautar Daura na da kujera biyar a majalisar dokokin Katsina mai mutum 34, da biyu a majalisar wakilai, ɗaya ta Daura da Sandamu da Mai'aduwa, ɗaya ta Baure da Zango, ban da kujerun kansila a kowace gunduma. Shekaru sun daina zama shinge, kuɗi ne suka rage. Gabanin zaɓen 2023 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin majalisar jiha naira miliyan 2, na majalisar wakilai miliyan 10, ta yi wa 'yan ƙasa da shekara 40 ragi. Wannan kuɗin fom ne kawai, ba a zo kan wakilan zaɓen fid da gwani ba, ba a buga fosta ko ɗaya ba. Don haka kujerar kansila ce ta fi kusa da hannun ɗan shekara ashirin da biyar, kuma majalisar kansiloli na da ikon yin dokokin ƙaramar hukuma a kan kasuwa da shara da magudanun ruwa.